BABI NA HUƊU: HOTON MACE MUSULMA MA'AIKACIYA A LITTATTAFAN BILKISU SALISU AHMED FUNTUWA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bi diddigin shigowar mata fagen rubuta ƙagaggun labaran Hausa, tun daga 1980 da kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Hafsatu Abdulwahid mai suna So Aljannar Duniya. Shi kuwa wannan babi zai tsaya ne a kan marubuciya ɗaya da jigo ɗaya. Marubuciyar ita ce Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suka fi sani da Anti Bilki. Jigon kuwa shi ne yadda mace Musulma za ta yi ilimin boko, ta kama aikin albashi a ma'aikatar da ba a gina ta a kan addini ba, kuma ta ci gaba da riƙe addininta da mutuncinta. An ɗora nazarin a kan littattafanta guda uku, wato Allura Cikin Ruwa (1994) da Wa Ya San Gobe? (1996) da Ki Yarda da Ni (1997).

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, marubuciyar ta yi nasarar warware wannan matsala a cikin gida, amma ta tsaya a bakin ƙofar ofis. Ta gamsar da iyaye da mazaje cewa boko da aiki ba sa ɓata 'ya mace, sai dai ba ta shiga da mai karatu cikin ma'aikatar ba, balle ya ga irin jarrabawar da ke jiran ma'aikaciya a can. Domin tabbatar da haka, za a fara da duba muhallin da labaran suka fito, sannan a zo kan tubalan ginin jigon, daga nan a auna su da abin da ke faruwa a zahiri.

4.1 Muhallin da Labaran Suka Fito

Funtuwa gari ne na noma da kasuwanci a kudancin Jihar Katsina, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987. Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Faskari da Ƙanƙara da maƙwabtansu su ne yankin da ake kira Karaduwa, inda ake noman auduga da masara da dawa, ga kuma rake da tumatir a fadamu. Audugar nan ce ta jawo kamfanin BCGA na Turawan Ingila ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, ita ce kuma silar kafa masaƙar Funtuwa a 1978. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta ratsa ta cikin garin. A 1975 kuma aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Waɗannan abubuwa sun tara ma'aikatan albashi a yankin, kamar akawuna da malaman gona da direbobi da makanikai, amma kusan dukkansu maza ne.

Wannan ba ya nuna cewa matan yankin zaman kashe wando suke yi. Tun kafin zuwan boko, matar aure da ke cikin kulle tana da sana'arta: tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, dakan fura, kaɗin zare, yin daddawa, da sayen hatsi da kaka a sayar da bazara. Yara ne ke kai mata kaya kasuwa ta hanyar talla. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 irin girman cinikin da mata ke yi a bayan katanga. Ashe ke nan Bahaushe bai taɓa ganin laifin mace ta nemi na kanta ba. Abin da yake ƙyama shi ne ta fita kullum, ta zauna cikin mazan da ba muharramanta ba, ta karɓi umarni daga namijin da ba mijinta ba, kuma agogon ofis ya riƙa tsara mata yini.

Daga tsakiyar shekarun 1970 abubuwa suka fara sauyawa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya shigar da 'yan mata da yawa aji. A yankin akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Bakori, da makarantar koyon aikin ungozoma da ke Malumfashi. Ta ɓangaren addini kuwa, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ƙarfafa buɗe makarantun Islamiyya na matan aure, sauran ƙungiyoyi da ɗariƙu ma suka buɗe nasu. A 1985 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, wato FOMWAN, a Minna, ƙarƙashin jagorancin Hajiya A'isha Lemu. A wannan tsakani ne hijabi ya yaɗu, ya zama suturar da ta sauƙaƙa wa matar aure fita neman ilimi. Saboda haka lokacin da Allura Cikin Ruwa ya fito a 1994, ya tarar da masu karatu suna jiran sa: 'yan matan sakandare, ɗaliban jinya, malaman firamare mata, da matan aure 'yan Islamiyya. Tambayar da ke zukatansu ita ce, in an gama karatun, sai me?

4.2 Matsayin Marubuciyar a Muhawarar Adabin Kasuwar Kano

Littattafan Bilkisu suna cikin rukunin da ake kira littattafan soyayya, waɗanda marubutansu ke bugawa da kuɗinsu, a rarraba su ta hannun 'yan kasuwar littattafai na Kano. Abin sha'awa a nan shi ne, muhawarar da aka tafka a kan wannan adabi tana da alaƙa da yankin Karaduwa ta fuska fiye da ɗaya. Ibrahim Malumfashi shi ne ya raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano a jaridar Nasiha a 1994, yana kwatanta shi da adabin kasuwar Onica, yana kuma ganin ba shi da nauyin da zai daɗe. Ibrahim Sheme, wanda ya fito daga ƙasar Faskari, yana cikin waɗanda suka kare marubutan, tare da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Ban da sukar masana, akwai ta malamai da iyaye, waɗanda suka zargi littattafan da koya wa yara fitsara da kwaikwayon finafinan Indiya.

Wannan zargi yana da muhimmanci wajen fahimtar Bilkisu. Macen aure da ta ɗauki alƙalami a wancan lokaci ta san ana sa mata ido, don haka dole ta yi taka-tsantsan. Novian Whitsitt, a maƙalarsa da ta fito a mujallar African Studies Review a 2003, ya bayyana tafarkinta a matsayin tawaye mai tafiya da hankali. A ganinsa tana neman wa mata 'yanci ne daga cikin Musulunci, ba daga wajensa ba: tana sukar auren dole, tana kiran a ilimantar da 'ya mace, amma ba ta fito ta yaƙi auren mace fiye da ɗaya ba. Wannan nazari ya yarda da Whitsitt a kan haka. Inda yake son ya ƙara shi ne tambayar da maƙalar ba ta mayar da ita cibiya ba, wato ina wurin aikin yake a cikin labaran?

4.3 Tubalan Ginin Jigon

Idan aka duba littattafan da kyau, za a tarar marubuciyar ta gina hoton ma'aikaciya Musulma a kan tubala uku.

Tubali na farko shi ne ilimi biyu. Tauraruwar Bilkisu ba ta zaɓar boko ta bar Muhammadiyya, ko ta zaɓi Muhammadiyya ta bar boko. Tana haɗa su, kuma ilimin addinin shi ne linzamin na zamanin. Da wannan marubuciyar ta rushe tsohon zaton nan da ake yi cewa 'yar boko ita ce mai tafiya kai ba ɗankwali, mai raina miji. Hujjar tana da tushe a tarihin ƙasar Hausa, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke tafiya ƙauyuka suna karantar da mata.

Tubali na biyu shi ne ibada da haƙuri. A duk lokacin da tauraruwa ta shiga ƙunci, ko na soyayya ne ko na zaman aure, makaminta shi ne addu'a da dangana da kyakkyawar mu'amala. Nasarar da take samu a ƙarshe, ta karatu ko ta matsayi, ana nuna ta ne a matsayin sakamakon wannan hali. Ta haka mai karatu ke fahimtar cewa babban muƙami ba kishiyar taƙawa ba ne, yana iya zama 'ya'yanta.

Tubali na uku shi ne yardar gida. Macen da ke cikin waɗannan labarai ba ta ƙwace 'yancin aiki da tsiya. Tana samun sa ne ta hanyar miji mai fahimta, wanda ke zaune da ita zaman abota da girmamawa da raha, ko ta hanyar iyaye da dangin da suka gane amfanin karatu. Ke nan saƙon ba ga mata kaɗai yake ba. Rabinsa na maza ne, ana nuna musu cewa namijin kirki shi ne wanda ke alfahari da ci gaban matarsa.

Sunayen littattafan ma sun isa su nuna inda hankalin marubuciyar ya fi karkata. Allura Cikin Ruwa guntun karin magana ne da Hausawa ke cikawa da "mai rabo ka ɗauka", kuma an fi faɗarsa a kan budurwar da manema suka yi wa yawa. Wa Ya San Gobe? magana ce ta ƙaddara da juyin zamani. Ki Yarda da Ni kuwa roƙo ne da ake yi wa mace, kuma labarin ya ginu ne a kan zaman aure da kishi. Rabo da ƙaddara da amana, duka uku a fagen aure suke. Aiki yana zuwa ne daga baya, kamar rawanin da ake naɗa wa tauraruwa bayan ta ci jarrabawar gida.

4.4 Abin da Labaran Suka Cimma

Kafin a zo ga gazawa, wajibi ne a faɗi nasara. A ƙauyukan da ke kewaye da Funtuwa da Malumfashi, babban abin da ke yanke wa yarinya karatu shi ne tsoron iyaye cewa za ta lalace, da tsoron manemi cewa za ta fi ƙarfinsa. Wa'azi a kan wannan yana da iyaka, domin mai saurare ya san wa'azi ake yi masa. Ƙagaggen labari kuwa yana shiga ɗaki ba sallama. Yarinya ta karanta, ta ba ƙawarta aro, a karanta wa wadda ba ta iya ba, har yayanta ya ɗauka a ɓoye. Da aka mayar da Ki Yarda da Ni fim ɗin bidiyo, saƙon ya isa har ga waɗanda ba sa karatun boko.

Abin da Bilkisu ta bai wa waɗannan masu karatu shi ne abin koyi. Ta nuna musu mace Bahaushiya irinsu, mai salla da kunya, wadda ta kai matsayin da a da sai maza ko matan Kudu, kamar likitanci da lauyanci da manyan kujerun gwamnati. Yarinyar da ba ta taɓa ganin likita mace Bahaushiya da idonta ba, ta gan ta a takarda. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk sukar da za ta biyo baya ba ta rage masa daraja.

4.5 Inda Labaran Suka Tsaya

Mafi yawan shafukan littattafan suna tafiya ne a falo da ɗakin kwana da gidan iyaye da wurin biki. Ana sanar da mai karatu cewa mace ta yi karatu mai zurfi ko ta samu matsayi, amma ba a cika zaunar da shi tare da ita a bakin aiki ba. Alhali ma'aikatun Nijeriya suna da dokokin da aka gada daga Turawan mulki, waɗanda ba a tsara su da mace Musulma a zuciya ba. Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, sashe na 38 ya bai wa kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda addini ko jinsi. Tsakanin waɗannan sassa da dokokin cikin ma'aikata ne rikicin yake. Za a duba shi ta fuska uku.

4.5.1 Sutura

Manyan ayyukan da ake yi wa taurarin labarai fata suna da kayan sawa na dole. Aikin jinya ya zo da gajerar riga da 'yar hula. Lauya yana da baƙar alkyabba da hular gashi. 'Yar sanda tana da tata hular. Ba a sasanta waɗannan da lulluɓi a kyauta ba. A Disamba 2017 an hana Amasa Firdaus, wadda ta yi digirin shari'a a Jami'ar Ilorin, shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Sai a Yuli 2018 aka rantsar da ita da shi, bayan majalisar dattawan lauyoyi ta amince. Shari'ar hijabin ɗalibai a makarantun Jihar Legas ta faro daga babbar kotu, wadda ta goyi bayan hanin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2016, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin sa hijabin a Yuni 2022. Rundunar 'yan sandan Nijeriya ma sai a Maris 2022 ta yarda mata su ɗaura kallabi a ƙarƙashin hula. Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Faransa ta hana alamomin addini bayyanannu a makarantun gwamnati a 2004, Turkiyya kuwa, duk da yawan Musulminta, sai a 2013 ta ɗage wa ma'aikatan gwamnati mata hanin rufe kai.

Gaskiya ne cewa a Funtuwa da Malumfashi ba baƙon abu ba ne a ga ma'aikaciyar jinya da farin hijabi da wando, kuma ba wanda zai tsayar da ita a ƙofa. Amma macen da ta kai irin matsayin da Bilkisu ke bai wa taurarinta ba a garinsu za ta tsaya ba. Sai ta je makarantar lauyoyi, ko asibitin koyarwa, ko ta yi hidimar ƙasa a wata jiha, ko a tura ta Legas ko Abuja. Abin da Amasa Firdaus ta gamu da shi shekara ashirin bayan fitowar Ki Yarda da Ni ya nuna cewa hanyar ba ta da santsin da labaran suka ba ta.

4.5.2 Lokaci da Cuɗanya

A yankin da ake nazari, wannan ya fi sutura nauyi. Naƙuda ba ta san lokacin salla ba, kuma ba ta san dare ba. Ungozomar da ke kwanan asibiti dole ta bar miji da 'ya'ya, ta dawo da safe idon unguwa yana kanta. Ko da mijin ya yarda, uwarsa da 'yan uwansa da kishiya ba lalle su yi shiru ba. Ga zama ofis ɗaya da namiji, ga shugaban da zai miƙo hannu a gaisa, ga tafiyar kwas ko taro zuwa wani gari ba muharrami, ga canjin wurin aiki zuwa inda miji ba ya nan, ga takaba ta wata huɗu da kwana goma idan miji ya rasu alhali aiki yana jira. Mai aikin banki kuma tana da tambayar kuɗin ruwa, domin bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da riba, bai fara aiki ba sai a 2012.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a gina labari a kansa, domin akwai ja-in-ja tsakanin wajibai biyu, kuma kowane zaɓi yana da tsada. A nan ne riƙon addini ke zama aiki na yau da kullum, ba siffa kawai da ake yaba tauraruwa da ita ba. Da yake labaran sun fi nuna taƙawar mace a zaman aure, mai karatu ya san yadda za ta yi da kishiya, amma bai san yadda za ta yi da shugaban ofis ba.

4.5.3 Wadata

Kamar yawancin littattafan soyayya, labaran suna son gidan wadata. Inda akwai mota da direba da masu aikin gida, rabin matsalolin da aka lissafa sun kau tun kafin su taso. Amma ma'aikaciyar da aka fi gani a Karaduwa ba likita ba ce. Malamar firamare ce a ƙauyen Ƙafur, ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani a ƙasar Bakori, wadda ke hawa acaɓa da goyo, ta dawo ta ɗora tukunya. Albashinta ba ado ba ne, da shi ake cika buhun masara idan na gona ya ƙare. Daga baya ma matsalar 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disamba 2020, ta ƙara wa aikin ƙauye haɗari. Ba za a zargi littattafan 1994 zuwa 1997 da rashin ambaton abin da bai faru ba tukuna, amma talauci da nisan wurin aiki sun riga littattafan zuwa.

4.6 Kwatanci da Balaraba Ramat Yakubu

Kwatanci zai ƙara fito da wannan batu. A Wa Zai Auri Jahila? (1990), Balaraba Ramat Yakubu ta kawo Abu, yarinyar ƙauye da karatunta ya yanke, aka aurar da ita dole ga Sarkin Noma, ta gudu Kaduna wurin 'yar uwar iyayenta, ta koma karatu har ta shiga aikin jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) kuma, Rabi ta koma sayar da abinci don ta ciyar da 'ya'yanta bayan mijinta ya kore ta. A wurin Balaraba, aiki mafita ce ga macen da gida ya ci amanarta. A wurin Bilkisu, aiki ƙari ne ga macen da ta gyara gidanta. Balaraba ta fi nuna gumi da tsadar neman na kai, Bilkisu ta fi iya lallashin mai gida. Sai dai dukkansu biyu sun haɗu a abu ɗaya: abokin gaba ko mataimaki yana cikin dangi ne, ita kuwa ma'aikata, da dokokinta da shugabanninta, ba ta zama tauraro a labarin ba.

4.7 Uzurin da Za a Iya Kawo wa Marubuciyar

Ana iya cewa wannan suka ta nemi abin da littafin soyayya bai yi alkawari ba, domin mai saye labarin aure ya zo nema, ba na ofis ba. Ana iya ƙarawa da cewa a shekarun 1990 yaƙin farko shi ne a bar yarinya ta gama sakandare, kuma da marubuciyar ta baje matsalolin wurin aiki, da ta bai wa masu hana karatu makami. Wannan uzuri yana da ƙarfi. Shaida a kansa ita ce shirin horar da mata aikin lafiya mai suna Women for Health, wanda aka fara a 2012 da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe. Shirin ya tarar cewa sai an bi ta kan iyaye da mazaje da malamai da sarakuna kafin yarinyar karkara ta shiga makarantar jinya ko ta ungozoma. Ke nan inda Bilkisu ta ɗora yatsa, wato yardar gida, nan ne ƙofar farko, har bayan shekara goma sha biyar da fitowar littattafanta.

Duk da haka, a ra'ayin mai wannan nazari, shiga ma'aikatar zai ƙara wa hujjarta ƙarfi ne, ba zai raunana ta ba. Magidancin da ke hana 'yarsa karatun ungozoma shi ne kuma ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa. Malamai suna sanya irin wannan aiki cikin farilla ta kifaya, wadda in kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma tarihin Musulunci ya adana sunan Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta yi jinyar waɗanda suka ji rauni a zamanin Annabi (SAW). Da an nuna tauraruwa tana karɓar haihuwa da tsakar dare, ta wanke hannu ta yi alwala ta ba da farali, da mai karatu ya ga cewa aikin kansa ibada ne, ba wani abu ne da ake jurewa don miji ya yi izini ba. Wannan mataki ne labaran suka kusanta, amma ba su taka ba.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta gina hoton ma'aikaciya Musulma a kan ilimi biyu da ibada da yardar gida, kuma da wannan ta kawar da zaton cewa boko da aiki suna cin addinin mace. An kuma ga cewa ta fi mayar da aiki lada a ƙarshen labari, ba fagen da ake gwada tauraruwa ba, don haka batun sutura da lokaci da cuɗanya da ƙarancin abin hannu bai samu rabon da ya kamata ba. An nuna cewa zamaninta da kasuwarta da idon da ke kanta sun ba ta uzuri, amma giɓin yana nan. Marubutan da suka biyo bayanta sun gaji masu karatu waɗanda da yawansu yanzu su ne malamai da ungozomomi da ma'aikatan ofis a Funtuwa da Malumfashi, kuma waɗannan suna da haƙƙin su ga yininsu na aiki a cikin littafi. Babi na gaba zai duba salo da sarrafa harshen da marubuciyar ta yi amfani da su wajen isar da wannan jigo.